Tukwanen da Suka Hana Mu Komawa Birni

Hadiza, da ke zan fara, tunda ke kika fi kowa yawo da maganar. Ranar sunan ɗiyarki ina cikin ɗaki na ji kina ba ƙawayenki labari, wai da ba don taurin kan Mama ba da a birni kuka tashi, kuka yi makarantar 'yan gayu, amma tukwane suka hana. Aka yi ta shewa har da tafi. Zan ce ban ji haushi ba, amma ƙarya ne, na ji, har shinkafar sunan ta kasa wuce mini. Da na huce sai na ga ba laifinki ba ne, rabin labari aka ba ku. E, tukwane ne suka hana. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya muku yadda tukwanen suka shigo ɗakin haihuwa, da ran wa aka tsaya a kai. To ku gyara zama, ke da ƙannenki, musamman Auta da ke ɓata fuska duk aka ce a ƙauye aka haife shi.

Lokacin da aka tura ni wani ɗan asibiti a bakin tafki, can ɓangaren Wara, murna kamar ta kashe ni. Ni kaɗai ce nas a wurin, sai mataimaki ɗaya da mai gadi. Ranar kasuwa kuwa, kai! Ka tsaya a ƙofa ka ga jirage sun cika bakin ruwa, Sarkawa da kifi, Kambari da dawa da doya, Fulani da ƙoren nono, Gungawa daga tsibiransu, kowa da harshensa, kowa da irin Hausarsa. Ranar awo mata kan cika barandar har ƙarƙashin mangwaro. Su karɓi allura, su karɓi maganin ƙarin jini, su sa mini albarka su tafi. Amma ɗakin haihuwa? Wayam. Gadon sabo fil, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba, har kazar mai gadi ta samu wurin yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Sai dai in ji labari: wance ta haihu a gida, wance jini ya tafi da ita. Abin ya riƙa cina.

A cikin masu zuwa awo akwai Lami, matar wani masunci daga cikin Gungawa. Ranar da na fara buɗe idonta na gan shi fari fat, tafin hannunta ma haka. Na tambaye ta haihuwar da ta wuce. Ta ce jini ta yi ta zubarwa har ta daina gane mutane, ɗan kuma bai zo da rai ba. Na ce mata wannan karon ko ana ha maza ha mata a nan za ta haihu, a gabana, don irin jinin nan in ya sake ɓallewa a tsibiri ba za ta iso gaɓa da rai ba. Sai ta waiga ta dubi surukarta. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, Tani, hannayenta kamar na namiji saboda tuƙin kwale-kwale, ita ke kawo Lami da kanta ta kuma mayar da ita.

Tani ta ce, “Sista, allura muna so. Magani muna so. Haihuwa, gida.”

Na ce, “Gwoggo, don me? Me muka yi muku?”

Ta tauna goronta ta ce, “Ba komai.”

Ba komai! Na yi lallashi, na yi ban tsoro, na yi rantsuwa har na gaji. Tani ta ja Lami suka shiga jirgi.

A lokacin ina da ƙaramin cikin Auta, Inna ta zo daga Yelwa tana zaune da mu. Na shigo gida ina huci, na wurga jakata, na fara zuba: mutanen nan ba su san ciwon kansu ba, an kawo musu gado, an kawo musu magani, sun fi son mutuwa a kan tabarma. Inna tana tuƙa tuwon shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Sai da na yi shiru don numfashi ta ce,

“Ɗiyata, abin da ka biyo yaro bayan ya faɗo, ina kuka kai shi?”

Mabiyiya take nufi, wadda wasu ke cewa uwar tafiya. Na ce akwai rami mai murfi a bayan asibiti, can muke jefawa, haka ƙa'idar aiki ta ce. Wallahi muciyar ce ta fara faɗuwa kafin Inna ta miƙe.

“Rami? Da tsummoki da tsohuwar allura? Innalillahi! To mi kike so tsohuwar mutane ta ce miki? Ke taki tana bayan ɗakina, gindin lemun tsami, kakarki ta wanke ta ta rufe da hannunta.”

Na ce, “Haba Inna, ai su Hadiza a asibiti na haife su, ga su nan garau.”

Inna ta yi wata irin dariya ta ce, “Garau ɗin uwaki. Kina kwance kina sharar barci na ba mai shara goro ta miƙo mini ta taga. Duk suna gindin lemun nan, jere da taki.”

Na zauna daɓas a kan turmi. Babanku yana gefe yana duba littattafan 'yan ajinsa, ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama sai ya gyara fuska ya tuna mini abin da muke jira. Sista Babba, wadda ke zagayen duba ƙananan asibitoci, ta riga ta gaya mini sunana na cikin waɗanda za a mayar babban asibiti a birni. Shi ma ya fara neman canjin makaranta. Ya ce in taka a hankali, kada in taɓo abin da zai ɓata mana tafiya. Na ce to, amma zuciyata ta riga ta shiga jirgi.

Washegari da hantsi na bi wani mai jirgin inji zuwa tsibirin su Tani, da ɗan gishiri da goro a ƙullin zane. Ruwa ya yi ta watsa mini a fuska, ga laulayi, amma ni daɗi nake ji kamar yarinya za ta biki. Tani ta gan ni ta riƙe baki. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kunu, muka yi gaisuwa har ta ƙare muka sake sabuwa. Ban ce komai a kan asibiti ba. Na ce mata dai uwata ta gaya mini inda tawa mabiyiyar take, na zo in ji su a gidansu yaya ake yi. Daga nan ta nuna tsakiyar ruwa da haɓa, ta ce can ƙasa tsohon garinsu yake, tun da aka datse kogi ruwa ya cinye shi. Kaburburan iyayensu na can, abin da aka binne na haihuwarta ma na can.

Ta ce, “Nan da muke, baƙi muke. Abin da za ya riƙe jikokinmu a nan shi ne abin da muka sa a ƙasa. Yaron da aka jefa abokin tafiyarsa cikin rami, ina za ya ce gidansu?”

Ba ita kenan ba. Ta ce kuma muna kwantar da mace rigingine kamar kifin da za a feɗe, muna kuma korar tsofaffi waje. Na haɗiye wannan, don ba ƙarya ta yi ba. Sai muka shiga daidaitawa, ni da ita, Lami na gefe tana wasa da bakin zanenta. Na yarda Lami ta haihu a durƙushe, a kan tabarma da leda mai tsabta. Na yarda Tani ta shiga ɗakin. Na yarda a ba ta mabiyiyar a tukunya mai murfi ta kawo gida. Ni kuma na ce nawa sharaɗin: za ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ba za a ba Lami wani jiƙo ba sai na sani, za su taso da ciwon farko, sannan ni zan fara duba mabiyiyar kafin ta shiga tukunya. Tani ta fasa goron da na kawo, ta miƙo mini rabi. Na dawo gida ina waƙa a cikin jirgi, mai jirgin na ta satar kallona.

Ranar kasuwa na samu matan Kambari masu ginin tukwane, na zaɓo ƙanana masu murfi, na wanke su da ruwan zafi, na jera a kan kanta kusa da kwalaben ƙarin ruwa. Mai gadi ya leƙo ya ce ko Sista za ta fara sayar da dahuwa ne.

Naƙudar Lami ta zo cikin damina, rana tsaka, kasuwa na ci. Ihun yara na fara ji daga bakin ruwa. Na fito na hango Tani a tsaye cikin kwale-kwale tana tuƙi kamar mai gudun wuta, mijin Lami na ɗaya gefen. Sun zo! Wallahi da gudu na sauka, da cikina da komai, takalmina ɗaya ya maƙale a laka ban koma ta kansa ba. Muka shigo da ita. Tani ta wanke hannu tana harara ta, wai in gani da kyau. Lami ta durƙusa, ta riƙe ƙafar gadon nan da bai taɓa yin amfani ba sai ran nan, ba ta yi kuka ba, gumi kawai. Ba a jima ba sai ga yaro, namiji, ya canyara kuka har masu kifi suka ji. Tani ta rangaɗa guɗa, ni ma ban san lokacin da na taya ta ba. Na yi wa Lami allurar tsayar da jini, na ɗaure cibiya, mabiyiya ta biyo, na sa ta a faranti na kai gaban taga.

Nan murnata ta tsaya cak. Gefe ɗaya ya gutsure, kamar wainar da aka ciza. Na waiga, jini ya riga ya wuce ledar ya kama tabarma. Na murza cikin, na sa ƙarin ruwa, jini bai ko rage ba. Hanyar zuwa babban asibiti ruwan sama ya lalata ta, ko mota na ƙofa ba za mu isa da ita ba. Abu ɗaya ya rage, kuma an koya mini shi: in sa hannu in ciro sauran. Na zura doguwar safar hannu. Sai ji na yi an damƙe wuyan hannuna kamar da ƙarfe.

Tani ta ce, “Wannan ba mu yi da ke ba. Hannu ba ya shiga.”

Idon Lami ya fara juyewa, leɓenta ya yi fari. Raina ya ɓaci, na so in bangaje tsohuwar nan, kuma da na yi da mijin ya shigo, da an ɗauke Lami an sa a jirgi, da shikenan. Allah ne ya sa idona ya faɗa kan farantin. Na ɗauko shi da ɗaya hannun na kai shi har hancinta.

“Gwoggo, dubi. Ta cika?”

Ta duba. Ta sa yatsa ta juya gefen. Ta ce a hankali, “Ba ta cika ba.”

“Sauran yana ciki, shi ke zubar da jinin nan. Rabi za ki binne wa jikanki?”

Ta saki hannuna. Ta zaga bayan Lami ta rungume ta a ƙirji, ta sa baki a kunnenta tana yi mata magana da Gunganci, kalma ɗaya tana maimaitawa. Na yi bisimilla na shiga. Ba zan gaya muku yadda wannan aiki yake ba, ku da ba ku iya kallon yankan kaza. Na dai lalubo shi, na fito da shi, na ji mahaifar ta dunƙule a ƙarƙashin tafina tauri kamar ƙwallon goruba. Jinin ya ja baya, ya koma ɗigo, ya tsaya. Lami ta buɗe ido ta ce ruwa take so. Ruwa! Ban taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba. Tani ta ɗauki ɗan yankin nan ta mayar da shi gurbinsa, ta ga ya zauna daidai, ta gyaɗa kai, muka wanke muka sa a tukunya ta rufe. Ni kuwa na fita bayan asibiti, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, na yi rawa ni kaɗai ina kuka ina hamdala. Da hanya ta ɗan bushe muka tura Lami babban asibiti aka ƙara mata jini, ta dawo da ƙafafunta.

Labari ya bi ruwa. Kafin kaka ɗakin haihuwa ya fara cika, kazar mai gadi ta nemi wani wuri. Nan na gane ashe ba tukunya ce maganar ba, don na taɓa miƙa wa matar shugaban makaranta tata da fara'ata, ta ja baya tana toshe hanci ta ce me za ta yi da wannan, ita a jefa a rami. Kunya ta kama ni, muka yi ta dariya. Tun ran nan kowace mace ta zo awo sai na fara tambayarta yadda ake yi a gidansu. Bafulatana mai haihuwar fari ba ta son a yi mata sannu da yawa ko a ɗora mata ɗan a gaban mutane, sai in kore kowa in ba ta shi mu biyu. Matan Kambari masu zuwa coci na so a bar wata tasu ta yi addu'a a bakin ƙofa. Wata na son a yi wa jariri kiran salla a kunne kafin a yi masa wanka. Abin da ba ya cutarwa na bari, abin da ke cutarwa na zauna na yi bayani har a gane, kamar shafa toka a cibiya, wannan kam ban taɓa ɗaga ƙafa ba.

Ana cikin haka Sista Babba ta zo zagaye. Ta tarar da tukwane a kanta, tabarma a ƙasa, wata tsohuwa zaune a ɗakin haihuwa tana jijjiga jariri.

Ta ce, “Asibiti ne nan ko ɗakin boka?”

Ba muguwa ba ce, ku daina zaginta. Tsoron yaɗuwar cuta take yi, kuma aikinta ne. Na nuna mata yadda nake wankewa da rufewa, na nuna mata matan da ke baranda. Ta ce ta gani, amma ba za ta kai nas mai tukwane babban asibiti a yi mata dariya ba. In na kwashe su na mayar da mata kan gado, tafiyata na nan. In na ƙi, za ta rufe ido ta bar ni da tukwanena, amma a nan zan zauna.

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida. Ban taɓa ganin ran babanku ya ɓaci irin na ran nan ba.

Ya ce, “Ki kwashe su na ɗan lokaci mana. In mun tafi wadda ta zo ta san yadda za ta yi. 'Ya'yanki fa? Makarantar nan ko malamin kimiyya babu.”

Na ce, “Malam, ranar da na kwashe su, ranar za su koma haihuwa a tsibiri. Na ga jinin Lami da idona. Mai bi mata ba za ta samu hannun kowa ba.”

Ya juya ga Inna ya ce ta yi mini magana. Inna ta ce ita ta jawo maganar tun farko, ba ta da bakin cewa komai, ta tashi ta shiga ɗaki. Babanku ya daina cin tuwona, sai tsire da burodi a kasuwa, har ya rame, har ya gaji ya dawo don kansa. Mun zauna a garin nan shekaru masu yawa. Hadiza, na san kin faɗi jarrabawarki ta farko saboda ba wanda ya koya miki abin da aka tambaya, na san kin yi kuka a bayan ɗaki, na ji ki. Ban manta ba, kuma har gobe yana mini ciwo. Amma da za a mayar da ni tsakar gidan nan, amsar da na ba babanku ita zan sake ba shi.

Saura naka, Auta. Kai ba ka jira lokacinka ba. Da rana ka taso, mataimakina ya tafi karɓo allurar rigakafi, babanku na makaranta, nas ɗin garin kuwa ita ce ke murƙususu. Inna ta ruɗe, ta fita ba mayafi tana kiran mutane. Ranar kasuwa ce. Ina durƙushe a kan tabarmar nan ta asibiti na ji an turo ƙofa: Lami ce da ɗanta a goye, Tani na biye da ita da sabuwar tukunya a hannu. Ba wanda ya ce wa Tani komai, ta nufi sabulu ta wanke har gwiwar hannu. Lami ta sauke ɗanta ta miƙa wa Inna, ta zaga bayana ta rungume ni a ƙirjinta, ta sa baki a kunnena tana faɗin kalmar nan ta Gunganci da aka faɗa mata. Tsakanin ciwo da ciwo ina ba da umarni, suna bi, har ka faɗo kana tsala ihu kamar yadda kake yi har yau. Da mabiyiya ta biyo, Tani ta sa ta a faranti ta kawo har hancina.

Ta ce, “Sista, dubi. Ta cika?”

Na duba ta ciki da waje, na ce, “Ta cika, Gwoggo.”

Ita da Inna suka rufe tukunyar, suka kai ta gindin mangwaron bayan gidanmu, ɗaya na haƙa ɗaya na addu'a. Tana can har yanzu, Auta, ko ka ɓata fuska ko kada ka ɓata.

Tani ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Lami kuwa kun san ta. Ita ce tsohuwar da ke zuwa duk shekara da kwandon bandar kifi, wadda kuke cewa mai kifin Mama. Bara da ta zo, Hadiza, a bakin ƙofa kika bar ta tsaye kina amsa waya. Bana in ta yi sallama, ki tashi ki karɓi kwandon nan da hannu biyu, ki shimfiɗa mata tabarma a ɗakina.